Shekarar da Muka Daina Kankare Kati

Mu uku ne a wurin iyayenmu, dukkanmu mata, kuma aure bai bar ko ɗaya kusa da gida ba. Yaya tana Badafi a ƙasar Kiru. Ni ina Tudun Wada, inda nake koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Autarmu ce aka kai nesa, wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa inda masara ke hawa har kan tudu. Inna da Baba suna Bebeji, a gidan da aka yanke mana cibiya. Duk cikin jiha ɗaya muke, amma mace mai miji da yara da aiki ba ta tashi ta hau mota don kawai ta yi marmarin muryar uwarta. Sai dai waya.

Waya kuwa kati take ci. Na ɗari nake saya a shagon bakin makaranta, in kankare bayansa da makullin ɗakina, in shigar da lambobin ina karantawa a fili don kada in tsallake ɗaya. Tun kafin in kira nake tsara abin da zan faɗa, na fari kaza, na biyu kaza. Duk a banza, domin Inna ba ta san gaisuwar sauri ba. Sai ta tambayi kwanana da gajiyata, ta tambayi maigidan, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi tarin da ƙaramin ya yi wancan watan, ta ce in gaida maƙwabciyata da ta taɓa gani sau ɗaya a wurin suna. Ba a katse uwa. Ina amsawa da lafiya lau, ina jin katin yana tsiyayewa kamar ruwa a kwando. Kafin mu iso kan abin da ya sa na kira, sai muryar matar nan ta kamfani ta shigo ta ce kuɗina sun ƙare.

Wata rana Inna ta gama gaisuwa, ta rage murya, ta ce, "Kin ji wadda ta haifi 'yan biyu a unguwarmu kuwa?" Na ce ban ji ba. Ta ce, "Ai ba za ki yarda ba, ita ce..." sai wayar ta yi ɗif. Shago a rufe, mai shagon ya tafi biki. Wuni guda na yi ina bin matan unguwarmu gida-gida a cikin kaina. Da na samu kati washegari, sai da muka sake gaisuwar tun daga farko kafin ta faɗa mini.

Tsakaninmu 'yan'uwa kuwa filashin muke yi. Ɗaya, ina lafiya. Biyu, ki kira ni. Auta ce gwanar abin, kiranta ko ƙara ba ya gama yi take kashewa.

Ana nan, sai na lura da wata malama abokiyar aikina. Kullum aka tashi tara, sai ta ja kujera gindin darbejiya ta kara waya a kunne, ba za ta sauke ba sai an kaɗa ƙararrawa. Ba ta sauri, ba ta duba fuskar wayar, har shiru take yi tana sauraro tana cin gyaɗa. Albashinmu ɗaya da ita. Na daure kwana uku, a na huɗu na tambaye ta ko rijiyar kati gare ta a gida. Ta yi dariya ta ce ita ta daina sayen kati don kiran 'yan'uwanta. Layin wata ne, in ji ta. Ana haɗuwa a rukuni, a biya kamfani kuɗi tsayayye duk farkon wata, shi ke nan duk wanda ke cikin rukunin ka kira shi yadda ka ga dama. Mijinta da ƙannensa suka buɗe, suka saka ta.

Na ce, "Ko awa guda?"

Ta ce, "Ko wuni."

Darasin lissafin da na yi bayan tara ranar, Allah kaɗai ya san abin da na koyar. Ina rubutu a allo ina jin muryar Inna tana ba ni labari tun daga kai har wutsiya ba wanda ya katse ta. Da aka tashi ban tsaya jiran abokan tafiya ba, na yi gida da sauri har takalmina na tsinkewa.

Maigidana taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne da ba ya sayen abu sai ya juya shi ya ga bayansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kati kamar awon kwano ne, kullum ka auni abin da za ka ci, ranar da babu ka haƙura. Na wata kuwa buhu ne, ya fi sauƙi idan gidan na ci, amma idan aka ajiye ba a taɓa ba, ƙwari ne za su ci riba. Na ce masa gidanmu akwai masu cin buhun magana har su nemi ƙari. Ya yi murmushi ya ce to in je Kano ofishinsu in ji da kunnena, kada in dogara da labarin gindin bishiya.

Na yi wa Yaya filashin biyu. Da ta kira na faɗa mata cikin numfashi ɗaya, ita ma ta amsa cikin numfashi ɗaya cewa mu haɗu Asabar a Kwanar Dangora. Na riga ta isa. Ina tsaye wajen masu rake sai ga ta a bayan babur, ta ɗaura mayafi a wuya saboda iska, tana ɗago mini hannu tun daga nesa kamar za mu aikin Hajji. A mota ba mu bar fasinjoji sun huta ba. Har wani dattijo a kujerar gaba ya juyo ya ce idan mun samo, mu faɗa masa a dawowa, shi ma 'ya'yansa mata ne.

Ofishin akwai sanyi, aka ba mu 'yar takarda mai lamba muka zauna jiran layi. Wadda ta saurare mu yarinya ce ƙarama sanye da rigar kamfani a kan hijabi, mai haƙuri. Ta ɗauki takarda ta ja layi a tsakiya, ta ce ga tsarin kati, ga tsarin wata, za ta faɗa mana daɗin kowanne da ɗacinsa. Kati babu alkawari, babu sa hannu, ka saya ranar da kake da hali. Na wata kuwa yarjejeniya ce. Sai mun kai mutum biyar. Mutum ɗaya ne zai sa hannu ya riƙa biyan na kowa a dunƙule a farkon wata, in ba a biya ba duka layukan za su tsaya, ba na mutum ɗaya ba. Ba a fita sai an yi wata shida. Kiran wanda ba ya cikin rukuni kuma sai an sa kati kamar da. Sannan kowa sai ya karɓi sabon layi na kamfaninsu, ya yi rajista da katin ɗan ƙasa da yatsunsa.

Yaya ta gyara zama ta ce, "'Yata, ki faɗa mini gaskiya. Idan na kira tsohuwarmu da hantsi, ban sauke ba sai azahar, ba za ku aiko mini da wata takarda daga baya ba?"

Yarinyar ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Hajiya, in kun yi awa ɗaya zai yanke da kansa. Sai ki sake kira."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Da a tsakar gida muke da mun yi guɗa. Amma kafin mu tashi yarinyar ta tambayi garuruwan da muke. Da na ambaci ƙauyen Auta, sai ta ce ba za ta yi mana alkawarin sabis a can ba, wajen duwatsu yakan yi wasa. Ta ba mu shawara mu gwada tukuna kafin mu ɗaure kanmu wata shida. Na ji daɗin gaskiyarta, ko da yake ta rage mini zumuɗi.

Daga Kano Bebeji muka wuce. Mun tarar da Baba a zaure yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka shiga wurin Inna muka zazzage mata labari, mu biyu muna magana lokaci ɗaya. Inna ta ajiye tankaɗen da take yi, ta ce mu maimaita wurin da aka ce ba ya ƙarewa. Muka maimaita. Ta ce ikon Allah, ta sake cewa ikon Allah, ta share garin hannunta a zani.

Mun ɗauka na biyar ɗinmu a zaure yake zaune. Muka koma muka yi masa bayani a tsanake, ni na kawo misalin buhu da kwano na ce na surukinsa ne, don ya fi shiga. Baba ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa har ta zauna daram, sannan ya ɗago.

Ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ku yi abinku. Ni abin da ban ci ba tukuna ba na biyan kuɗinsa. Kuma magana in ta yi arha, sai mutum ya fara faɗin abin da bai yi niyya ba."

Ba mu ja ba, mun san halinsa. Kiran Baba bai taɓa wuce sallama da tambayar lafiya da sai an jima ba, kati ɗaya yakan kai shi sati uku. Muka dawo cikin gida muna lissafa wa za a saka. Mazajenmu kowa layinsa na sana'a ne, ba mai son ƙarin waya a aljihu. Muna ta kawo wannan muna ajiyewa, sai Inna ta ce a hankali, kamar mai jin kunya, ita da za a samo mata ƙawarta.

Mun san wadda take nufi. Bafulatana ce da rugarsu ta daɗe a bayan garinmu, tun muna yara take kawo nono gidanmu, ta sauke ƙwarya ta zauna su wuni da Inna suna hira. Goggo muke ce mata. Ita ta yi wa Yaya kitson aure. Da gonaki suka cinye makiyaya, sai suka tashi suka yi kudu, kuma shekaru sun fi bakwai ba su ga juna ba. Inna ta ji an ce yanzu suna wajen Tudun Wada. Ta dube ni ta ce ai ƙasarku ce.

Ranar kasuwa ina tashi daga makaranta na shiga layin masu nono. Mata ne jere a ƙarƙashin rumfa, kowace da ƙwaryarta da faifai. Na bi su ina kwatance, wannan ta tura ni wurin waccan, har wata ta nuna mini can ƙarshe da ludayi. Ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta ya yi fari, amma zaman nan nata na miƙe baya yana nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da jam, lafiya ke nan a Fulatanci, kamar yadda take amsa wa kowane mai saye, ta kai hannu za ta buɗe faifai. Na ce ni ce ta tsakiya, 'yar ƙawarta ta Bebeji. Ta saki faifan ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta dama da hagu, ta ce wallahi goshin uwar ne. Ba ta sake ni ba sai da ta dama mini fura na shanye a gabanta.

Tana da 'yar waya da ɗanta ya saya mata, a ƙulle a bakin zani, ranar kasuwa kawai ake yi mata caji. Na yi mata bayanin layin wata sau biyu. Abu ɗaya ta tambaya, ko za ta ji muryar ƙawarta duk ranar da ta so. Na ce ƙwarai. Na ce mu za mu ɗauke mata nata kason, ta ɗaure fuska ta ce shanunta ba su mutu ba. A ranar na kai ta wurin mai rajistar layi a bakin tasha. Na'urar ta ƙi karɓar yatsunta, tatsa da lalle sun shafe zanen, aka goga, aka hura, aka sake dangwalawa, sai a ɗan ƙaramin yatsa ta amince. Goggo ta ɗaga yatsan tana kallonsa, ta ce ashe shi ma yana da ranarsa.

Saura Doguwa. Malamar nan ta ara mini wayarta ranar Asabar, tunda layin kamfanin ne a ciki, ta ce in kira mijinta daga can in gwada. Na shiga mota da sassafe. Muka ratsa dajin Falgore, birai na zaune a gefen titi suna kallon motoci, ni kuwa idona na kan fuskar waya. Sabis ya cika, ya ragu, ya ɓace, ya dawo. Daga inda mota ta ajiye ni na hau babur, muka bi hanyar burji tsakanin duwatsu, kafin mu isa ƙofar gidan su Auta fuskar wayar ta zama fayau, babu ko tsinke ɗaya na sabis.

Auta ta rungume ni tana tsalle, na ce ta bari tukuna, aiki ne ya kawo ni. Muka fara da ɗakinta, babu. Tsakar gida, babu. Madafa, bakin rijiya, bayan rumbu, ina tafe da waya a sama kamar mai neman jinjirin watan sallah. Surukar Auta, tsohuwa mai son raha, ta biyo mu da sandarta tana ba da shawara, ta ce a gwada wajen turken awaki, nan ne jikanta yake tsayawa da tasa. Muka gwada, tsinke ɗaya ya leƙo ya koma. Matan gidan duk suka fito, kowa na nuna wuri. Rana ta take, gumi ya jiƙa mini hijabi, na fara tsara yadda zan faɗa wa Inna cewa abin bai yiwu ba.

Na gaji na jingina da mangwaron da ke kusurwar gidan ta gabas, inda katanga ta ɗan rushe ana hango kwari. Na sauke hannu ke nan Auta ta riƙe mini wuyan hannu ta ce kada in motsa. Tsinke uku ne reras, kuma suka tsaya. Na danna lambar mijin malama. Ya ɗauka, muryarsa tar kamar yana bayan katangar. Ban san abin da zan ce masa ba, sai na yi ta gaishe shi. Surukar Auta ta rangaɗa guɗa, mutumin ya tambaya ko biki ake yi, na ce kusan haka ne. Kafin in bar gidan mijin Auta ya buga ƙusa a jikin mangwaron, ita kuma ta ɗinka 'yar jaka da ragowar atamfa, wurin rataye waya.

A mota ina dawowa na sake auna abin ni kaɗai, don ni zan sa hannu. Na tuna maganar Baba, na tuna cewa idan wata ya zo da matsi ba ni da damar cewa bari sai wani satin, mutum huɗu za su ɗaga waya su ji shiru saboda ni. Kati bai taɓa ɗora mini wannan nauyin ba. Amma na tuna yadda Inna ta share hannu a zani. Litinin na nemi izini wurin hedimasta na tafi Kano na sa hannu.

Sai da aka yi kwana goma kafin kowace ta karɓi layinta. Muka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Malama ta koya mini yadda ake haɗa kira, na gwada a gabanta har sau uku. Na idar da salla, na shimfiɗa tabarma a inuwa, na kori yara waje. Na kira Inna, na haɗa Yaya, na haɗa Auta da ke tsaye gindin mangwaro tun kafin lokaci. Goggo na bari a ƙarshe, don Inna ba ta san na same ta ba. Na ɓoye mata, kuma na sha wahalar ɓoyewar.

Inna ta fara gaisuwa. Ta bi gidan Yaya kaf, ta bi nawa, ta bi na Auta har da surukarta da awaki. Ba wadda ta yi sauri a cikinmu. Muka amsa komai dalla-dalla, muka mayar mata da tambaya, ta amsa. Da gaisuwar ta ƙare sai aka yi shiru, domin ba mu taɓa isowa wannan wurin ba, ba mu san abin da ake yi a bayansa ba. Yaya ce ta fara fashewa da dariya, muka bi ta.

Na ce, "Inna, akwai baƙuwa a ƙofa."

Na danna. Ya yi ƙara sau biyu, sai ga kukan maraƙi, sai ga murya ta yi sallama. Na ji numfashin Inna, sannan ta ce, "Ƙawa? Ke ce?" Goggo ta ce ita ce, ba ta mutu ba. Daga nan suka manta da mu. Suna yi suna haɗa Hausa da Fulatanci, wa ya rasu, wa ya yi aure, saniyar nan mai karyayyen ƙaho tana nan ko an sayar. Mu uku muka yi tsit muna saurare kamar lokacin da muke zama a bakin tabarmarsu muna yara. Da awa ta cika kiran ya yanke. Na sake haɗawa, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Watan farko mun ci buhun nan har ƙasa. Yaya takan jingina waya a jikin tukunya ta yi girki muna hira. Auta ta koyi haɗa daddawa daga bakin Inna, mataki-mataki cikin kwana uku, tana gudu tsakanin madafa da mangwaro. Na saita wa Goggo wayarta yadda in ta danne lamba biyu za ta samu Inna kai tsaye, sai ga shi takan yi kuskure ta danne uku ta same ni ina tsakiyar aji, kuma ba ta ganin dalilin da zai sa ta kashe tunda an riga an gaisa.

A nan na gano wani amfanin kati da ban taɓa lura da shi ba. Da, in ina sauri, sai in ce katina zai ƙare, kowa ya fahimta ba a ji haushi ba. Yanzu wannan ƙofar ta rufe. Na ƙona miya sau biyu. Na taɓa makara makaranta saboda Inna na ba ni labarin rikicin kaza tsakanin maƙwabta biyu, kuma sai da ta faro daga kakar kazar. Har ƙaramin saɓani muka yi da Yaya a kan wata magana da da kati ne ba za mu kai gare ta ba, muka yi kwana biyu ba mu kira juna ba, Inna ta haɗa mu a layi ɗaya ta yi mana faɗa. Sannu a hankali muka koyi cewa ina da aiki, sai an jima, ba tare da mun fake da kamfani ba.

Baba bai bar katinsa ba. Amma da bazara ta yi nisa, Doguwa ta samu ruwa ta yi shuka, Bebeji ko ɗigo, sai ya riƙa zama kusa idan Inna na waya, yana cewa ta tambayi Auta yadda masara ta fito. Wata la'asar hadari ya haɗu a Tudun Wada, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya ina cikin magana da Inna. Sai na ji muryar Baba a kusa, ya karɓi wayar. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba, ya ce in ɗaga ta sama wajen kwanon rufi. Na hau kujera na miƙa hannu. Ya daɗe yana saurare, hannuna har ya gaji. Da na mayar kunne ya tambaye ni ta ina hadarin ya taso, na ce gabas. Ya ce wannan ruwan shuka ne, nasu ma ya kusa, ya miƙa wa Inna abarta. Ta faɗa mini daga baya cewa a yammacin ya sauko da iri daga rumbu.

Da wata shida suka cika ba wadda ta kawo zancen fita, na je na sabunta. Bayan kaka kuma, da aka gama girbi hanya ta yi sauƙi, Inna da Goggo suka ƙulla abin da suka daɗe suna ƙullawa a waya. Ni aka ba aikin rakiya. Goggo ta zo gidana da sassafe cikin sabon zani, da ƙwaryar man shanu a naɗe da tsumma mai tsabta, ta ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota, a cinya ta riƙe ta har Bebeji. Tun daga Kwanar Dangora take kiran Inna tana faɗa mata inda muka iso, kowane gari, kowace gada. Da muka sauka ta tsaya tana neman bayan gari inda rugarsu take a da, ta ga duk gidaje ne, ta kaɗa kai kawai muka wuce.

Inna na tsaye a ƙofar zaure da mayafi, abin da ba ta saba ba. Suka riƙe hannun juna suka daɗe, kowace na cewa ɗayar ta tsufa. Baba ya fito suka gaisa, ya tambayi shanu da mutanen ruga, ya sa aka kama zakara. Na zaci za su wuni suna zuba, sai na ga sun zauna a tabarma ɗaya, Inna ta jawo kwandon gyaɗa tsakaninsu suna ɓarewa, jefi-jefi ɗaya ta ce wani abu ɗayar ta yi dariya. Can Goggo ta dubi kan Inna ta ce wane ne ya yi mata wannan kitson kamar an yi da ƙafa. Ta aike ni in samo mata tsinke da mai, ta zaunar da Inna a gabanta ta fara tsefewa. Kwana uku ta yi a gidanmu, ni na koma ranar saboda makaranta, na bar su ana rabin kai.